Zabirar Wanzami Da Tarihin Adon Maza A Nan Gadaka

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa shi ne, kwanan baya aka yi suna a unguwarmu, aka tashi askin jariri aka rasa mai yi. Wanzamin da ya yi mana, ya yi wa 'ya'yanmu, yanzu ido ya yi rauni, hannu yana rawa, cikin 'ya'yansa kuwa ba wanda ya gaji zabira. Sai da aka aika wata unguwa aka ɗauko baƙo, rana ta take, nama ya huce. To, a wurin na ce bari in rubuta abin da na gani da wanda na ji daga iyaye, kafin ya bi iska.

Da farko dai, Bahaushe bai taɓa ɗaukar kamannin namiji abin wasa ba. Masu tarihi sun nuna cewa a ƙarshen ƙarni na 18, da Sarkin Gobir Nafata ya ga jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo tana ƙaruwa, cikin dokokin da ya kafa har da hana maza naɗa rawani, mata kuma yafa mayafi. Ka ga ashe ƙyallen da mutum ya naɗa a kansa ya isa ya hana sarki barci. Ba a jima ba aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Shi kuwa Bature Barth, da ya sauka Kano a 1851, abin da ya fi ɗauke masa hankali har da rini da ɗinkin rigunanmu, waɗanda fatake ke kaiwa har Tambutu. Kai, ko ɗinkin babbar riga ma sunan kayan wanzami ya ara, ana cewa aska biyu, aska takwas.

Da Turawa suka mai da mazaunin Sarkin Fika zuwa Potiskum a 1924, garin ya buɗe, kasuwa ta haɓaka, mutanen ƙasar Kano da Haɗeja da Katagum suka yi ta gangarowa, wasu suka zarce ƙauyuka irin namu suna sayen gyaɗa da dabbobi. Mahaifina yana cikin na baya-baya. Ya kan ce duk inda Hausawa goma suka yi zango, mutum uku ba sa daɗewa ba su iso ba: malami, mahauci, wanzami. Ba wai masu gari ba su da nasu ba ne. Ngamawa da Bolewa da Karekare duk suna da masu aska, da irin tsagarsu. A lokacin fuska ita ce katin shaida. Kana zaune a rumfa mutum ya doso, tun bai yi sallama ba ka san Bagobiri ne ko Babarbare, ka san da wane harshe za ka gaishe shi, wa kuma za ka ja da wasa.

Ni na tashi na tarar da wanzami yana yawo gida-gida da zabira a rataye. Me ke ciki? Asake kala-kala, ta aski daban, ta tsaga daban, da ƙaho, da dutsen wasawa, da 'yar fatar da yake goga aska, da ɗan kwanon ruwa da sabulu, da ƙulle-ƙullen magani. Ranar Alhamis da safiyar Juma'a ba ya samun sukuni. A shimfiɗa tabarma a zaure, maigida ya tanƙwashe ƙafa, a jiƙa kai, a yi masa ƙwal-kwabo, sannan a zo gyaran fuska: a fidda saje, a rage gashin baki, a daidaita gemu. Tsofaffi wasu har lalle suke sa wa furfurar gemu ta yi ja. In an gama a yi wanka, a ranbaɗa kwalli, a goge baki da asuwaki, a shafa Bint el Sudan, turaren nan da ya shigo tun shekarun 1920, a ɗauko rigar da ta dawo daga mabuga, a kafa hula zanna, wadda a wurin maƙwabtanmu Barebari muka koyo ta. Mu yara kuwa a danne mu ake yi, in aski ya zo gaban goshi ka ji ihu har bakin kasuwa.

Kuma ba a cika biyansa nan take ba. Shi wanzamin gida ne. Da kaka a auna masa dawa ko gero, ranar suna a ba shi nasa kaso na rago da kuɗi da goro. Shi ne mai cire belu, shi ne mai kaciya lokacin sanyi, shi ne mai ƙaho in jini ya yi wa mutum yawa. Ya san cikin kowane gida, amma ba ka jin maganar wani a bakinsa. Wannan riƙon amana, a ganina, ya fi askin kansa daraja.

To, me ya kawo sauyi? Abu na farko karatu. Da ma a Risala akwai babi guda a kan fiɗira da aski da sutura, malaman zaure sun daɗe suna karantar da shi. Amma da makarantun Islamiyya suka yawaita, musamman bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, sai magana ta fito fili. Aka daina bar wa yara zanko da tukku, domin hadisi ya hana aske wani sashe na kai a bar wani. Na tuna ranar da malaminmu ya mayar da mu gida mu huɗu saboda tukku, kakata ta yi kwana biyu ba ta yi wa mahaifina magana ba, wai an cire mini tsari. Samari suka fara sakin gemu, har ta kai uba da ɗa suna saɓawa a kan tsawonsa. Tsaga ma ta fara ja da baya, tun kafin dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta hana ta.

Na biyu cuta. Bayan da aka ba da sanarwar ɓullar ƙanjamau a Nijeriya a 1986, rediyo ya shiga gargaɗi a kan aska ɗaya kai goma. Gaskiya ne kuwa, har ciwon hanta ana ɗauka ta wannan hanya. Wanzamai masu hankali suka koma reza, kowa da tasa sabuwa, waɗanda suka ƙi kuma jama'a ta guje su. Daidai lokacin aka ƙirƙiro Jihar Yobe a 1991, ma'aikata da 'yan makaranta suka ƙaru, shagunan aski suka buɗe da inji da madubi da ɗan janareta. Yaro ya ga hoton ɗan ƙwallo a bango, ya nuna da yatsa. Wa zai sake zama a tabarma?

Akwai kuma lokacin da ba na son tunawa, amma tarihi ne. Daga 2012, da aka kai hari kasuwar shanu ta Potiskum, zuwa dokar ta-ɓaci ta 2013, gemu ya zama kaya mai nauyi. Mu da muke bin hanya da kaya mun sani. Ni da kaina, bayan an tsare ni a wani shinge fiye da awa uku ina amsa tambayoyi, na dawo na kira wanzaminmu da dare na ce ya rage. Shekara ashirin ina tare da gemun nan. Ya daɗe riƙe da aska bai sa ba, sannan ya ce, "Alhaji, rufe idonka." Ni da shi ba mu sake tayar da maganar ba.

Yau yaranmu masu shago da injin caji suke aiki, wasu da hasken rana, kuma ban raina su ba, sana'a ce suna ci da iyali. Sai dai ba wanda zai ɗora inji a kan jaririn kwana bakwai. Shekaranjiya na je gaida tsohon, na tambaye shi ko zai koya wa wani in ƙungiya ta kawo. Ya sa jikansa ya ɗauko zabirar daga ƙarƙashin gado, ya zazzage ta a gabana, ya shafa asaken ɗaya-ɗaya yana faɗin sunan kowace. Ya ce a kawo yara biyu, amma masu haƙuri, kuma a zo da safe, don da yamma ba ya gani. Na kai maganar ga shugabanni, za a tattauna a taron wata mai zuwa, mai ɗa ko ƙane da yake so ya same ni a rumfata.