Tunel: Sunan da Mutanen Santambul Suka Raɗa wa Jirginsu

Kamfanin da ya buɗe layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na farko a Istanbul, ranar 17 ga Janairun 1875, dogon suna gare shi. Da Ingilishi aka yi masa rajista, ma'anarsa kuwa: kamfanin jirgin ƙasa na babban birnin Konstantinoful, daga Galata zuwa Pera. Layin kansa mita 573 ne kacal, tasha biyu, tafiyar minti ɗaya da rabi. Mutanen gari ba su wahalar da bakinsu ba, suka ce masa Tunel, wato ramin da aka fafe a ƙarƙashin ƙasa, kalmar da Turkanci ya aro daga Faransanci. Ba sai an tambaya wane rami ba, tunda a lokacin babu irinsa a birnin. An haura shekara 150 sunan yana nan daram, alhali sunayen wurare ukun da ke cikin takardar kamfanin babu wanda ake kiran tashoshin ko birnin da shi a hukumance.

Tudu ne ya haifi wannan layi. Injiniya Eugène-Henri Gavand, mutumin Faransa, ya zo yawon buɗe ido a 1867, ya ga jama'a suna hawa da sauka a wani titi mai matakala da ake kira Yuksek Kaldirim, dogon daɓe. A gindin tudun, wato Galata, bakin ruwa, akwai bankuna da kasuwar kuɗi da tashar jiragen ruwa. A samansa kuma, wato Pera, ofisoshin jakadanci ne da otal-otal da gidajen masu hali. An ruwaito ya ƙiyasta mutum dubu 40 ke bin titin a kullum. Sarki Abdul'aziz ya ba shi izini a 1869, yaƙin Faransa da Furushiya ya toshe masa hanyar samun jari a gida, sai ya nemo kuɗin Ingila. Dalilin sunan Ingilishin ke nan.

Pera kalmar Girkanci ce, ma'anarta ƙetare. Wanda ya tsaya a tsohon birni ya hangi tudun, to ƙetaren ruwa yake kallo, ruwan da Turkawa ke kira Halic, daga khalij na Larabci. Sunan Pera ya fi zama a bakin Girkawa da Turawan unguwar, su kuwa Turkawa Beyoglu suke cewa, ɗan basarake. Wane ɗan basarake? Riwayar da ta fi yawo tana nuna Alvise Gritti, ɗan shugaban Banis, wanda ya yi katafaren gida a wajen a zamanin Sarki Sulaiman. Bayan kafa jamhuriya a 1923 sunan Turkanci ya yi rinjaye, babban titin Pera ma ya koma Istiklal, wato 'yancin kai, kalmar da duk ɗalibin Larabci zai gane nan take. Pera ta rage a jikin gine-gine, irin su otal ɗin Pera Palas.

Galata ta fi jawo gardama. Wasu sun ce daga gala ne, madara da Girkanci, wai makiyaya sun taɓa zama a wurin. Wasu sun danganta shi da ƙabilar Galatiyawa. Wasu kuma sun ce calata ce ta Italiyanci, gangaren da ke sauka zuwa matsayar jirage, suna kafa hujja da 'yan kasuwar Jenowa da suka riƙe unguwar har suka gina hasumiyarta a 1348. Raina ya fi kwantawa da ta ƙarshen, domin duk wanda ya dubi gangaren zai ga sunan ya hau wurin, ko da yake masu musu suna tunatarwa cewa sunan ya riga zaman Jenowawa. Tashar ƙasa yanzu Karakoy ce. A zahirin Turkanci baƙin ƙauye ke nan, amma akwai masu ganin asalinsa ƙauyen Karay ne, wani reshe na Yahudawa.

Shi kansa birnin, Kustantiniyya yake a litattafan malamai da takardun Daular Usmaniyya. Istanbul, wanda yawancin masana ke mayarwa ga furucin Girkawa mai nufin "zuwa cikin birni", ya daɗe a bakin jama'a kafin hukuma ta nemi ƙasashen waje su tsaya a kansa a 1930. Daga shi Hausawan dā suka samo Santambul.

Saura tambayar da masu ƙididdigar jirage ke ta ja a kanta: wannan metro ne kuwa? Kalmar ta samo tushe daga layin Metropolitan na Landan na 1863, Paris ta ɗauka a 1900, aka gajarta ta. Kamfanin Istanbul yana ɗauke da ita a sunansa na Ingilishi, wato "na babban birni", shekara 25 kafin Paris, kuma ana yawan lissafa layin a matsayin na biyu a tsufa bayan na Landan. Sai dai taragunsa ba su da injin tuƙa kansu. Igiyar ƙarfe ce ke jansu, ɗaya na hawa ɗaya na sauka, kamar guga biyu a kan igiya guda, su yi kiciɓis a tsakiyar ramin su wuce juna. Irin wannan funikula ake ce masa, daga kalmar Latin mai nufin 'yar igiya, shi ya sa taswirar sufurin birnin ta ba shi lamba F2, ba ta sa shi cikin jerin layukan metro masu harafin M ba.

A ganina mutanen gari sun fi kowa dacewa, domin ramin suka raɗa wa suna, ba na'urar ba. Injin tururin da ke jan igiyar ya ba wa lantarki wuri a 1971, taragun katako suka koma na ƙarfe masu tayar roba, layin ya bar hannun 'yan kasuwar waje ya shiga hannun hukumar sufuri ta IETT tun a 1939. Ramin mai rufin bulo, mai hawan kusan mita 60, shi ne bai sauya ba. Har sunan ya fito sarari: dandalin da ke bakin tashar sama Dandalin Tunel ne, daga nan kuma tsohon taragon lantarki mai jan fenti ke tashi zuwa dandalin Taksim. Kalmar metro ta samu mafaka a ginin da ke bisa tashar, wanda IETT ta daɗe tana zaune a ciki, ana ce masa Metrohan.