Gwanin da Ke Shigar Wawa: Yadda Masu Ƙidayar Karta Suka Koyi Ɓoye Basirarsu

A watan Janairun 1961 wani matashin malamin lissafi na jami'ar MIT, Edward Thorp, ya tsaya a gaban taron masana lissafi na Amurka a birnin Washington, ya shaida musu cewa akwai wasan caca guda da mutum zai iya rinjayar gidan caca a cikinsa ba tare da maguɗi ba. Wasan shi ne bilakjak, wanda ake kuma kira ashirin da ɗaya. Thorp ya ɗora aikinsa ne kan binciken da wasu sojojin Amurka huɗu suka wallafa a 1956, sannan ya auna lissafinsa da kwamfutar IBM 704. Bayan 'yan watanni wasu attajirai biyu, cikinsu har da Manny Kimmel, suka ba shi jarin dala 10,000 suka raka shi Reno da Lake Tahoe a jihar Nevada. Ya dawo da ribar dala 11,000. Ya kuma dawo da wani darasi da kwamfuta ba ta koya masa ba: da zarar ma'aikatan gida sun fahimci abin da yake yi, sai su riƙa cakuɗa kartar akai-akai, ko su ce ya tashi.

Wasan kansa ba shi da sarƙaƙiya. Ɗan wasa da mai rabo kowa na neman adadin katunansa ya kusanci 21 ba tare da ya wuce ba. Katunan da ke ɗauke da hoton sarauta goma-goma ne, as kuma ɗaya ne ko goma sha ɗaya. Ɗan wasa yana da zaɓin ya ƙara kati ko ya tsaya, amma mai rabo doka ta ɗaure shi: tilas ya yi ta ja har ya kai 17. Saboda haka idan manyan katuna suka yi yawa cikin ragowar kartar, mai rabo ne ya fi faɗawa haɗarin zarce 21. Ban da haka, ɗan wasan da ya sami as da goma a rabon farko ana biyansa uku a kan kowane biyu da ya zuba, alhali idan mai rabo ne ya samu, zubin kawai yake kwashewa. Kuma katin da ya fito ba ya komawa sai an sake cakuɗawa, don haka abin da ya wuce yana nuna abin da ya rage.

A nan ƙidaya ta shigo. A tsarin da Harvey Dubner ya gabatar a 1963, wanda har yau ya fi kowane yaɗuwa, kati daga 2 zuwa 6 in ya fito sai a ƙara ɗaya a zuci, goma da as in sun fito a rage ɗaya, 7 da 8 da 9 kuwa a ƙyale su. Adadin in ya hau, ƙanana sun tafi, manya sun rage, lokacin zuba kuɗi da yawa ya yi. In ya sauka, sai a koma ƙaramin zubi. Duk mai iya lissafin canji a kasuwa zai koya cikin makonni. Ribar ce ba ta taka kara ta karya ba: wajen dala ɗaya a kan kowace ɗari da aka zuba, ita ma sai an jima ana wasa kafin ta bayyana. Mai ƙidaya yana buƙatar sa'o'i ɗaruruwa a bakin tebur, alhali hanyar cin nasa, wato ɗaga zubi da sauke shi daidai da ƙidaya, ita ce babbar alamar da ke tona shi. Mai kula da tebura in ya iya ƙidayar, tsayuwar minti kaɗan a bayansa ta isa.

Ƙidaya da ƙwaƙwalwa ba laifi ba ce a dokar Amurka. Sai dai a Nevada gidan caca wurin kasuwanci ne na mai shi, yana da ikon hana duk wanda ya ga dama wasa. Ba a kai mai ƙidaya kurkuku. Ana dafa kafaɗarsa ne cikin ladabi a ce masa ya yi kowane wasa ban da wannan, ko a karanta masa gargaɗin cewa in ya sake shigowa ya yi kutse.

Littafin Thorp, Beat the Dealer, ya fito a 1962, ya kuma sami kasuwa ƙwarai. Hankalin masu gidajen caca ya tashi, har a watan Afrilun 1964 ƙungiyarsu ta Las Vegas ta sauya dokokin wasan don ta daƙile masu ƙidaya. 'Yan wasa na yau da kullum suka ƙaurace wa teburan, cikin 'yan makonni aka dawo da tsoffin dokoki. Daga nan gidajen suka gane cewa korar mutum ɗaya ta fi tsoratar da dubu sauƙi. Suka fara haɗa fakitin karta da yawa a cikin akwatin rabo guda, suka kuma mai da hankali kan fuskoki. A 1967 wani mai binciken sirri, Robert Griffin, ya kafa kamfanin da ke tattara hotuna da sunayen waɗanda ake zargi a cikin kundi, yana sayar wa gidajen caca. Wanda aka kora a titi ɗaya sai ya tarar hotonsa ya riga shi zuwa na gaba. Thorp da kansa sai da ya koma sauya kama da gemu da tabarau.

Gemun aro yana ruɗar mai duba hoto, amma ba ya ruɗar mai kallon hannu. Wanda ya fi kowa bayyana wannan shi ne marubucin da ya ɓoye sunansa ya kira kansa Ian Andersen, a littafinsa na 1976, Turning the Tables on Las Vegas. A ganinsa, ma'aikacin gidan caca yana da hoton mai ƙidaya a ransa: mutum shi kaɗai, shiru, ido kafe a kan karta, ba ya shan komai, ba ya ba mai rabo tukuici. Aikin gwani shi ne ya zama kishiyar wannan hoton. Ya riƙa hira da mai kula da tebura, ya san sunansa, ya yi raha, ya nuna yana camfi, ya yi ƙorafi in ya faɗi. Ya ɗaga zubinsa bayan ya ci, kamar wanda sa'a ta ruɗa, ko bayan ya faɗi, kamar mai neman huce haushi, ta yadda hawan zubin zai sami dalilin da ba ƙidaya ba. Masu wannan sana'a sun ƙara da wasu dabaru. Sukan zura ƙwandalolin wasa cikin aljihu a ɓoye don a ɗauka faɗuwa suke yi, sukan taƙaita zama zuwa ƙasa da awa ɗaya, sukan lura da lokacin canjin ma'aikata don kada ido ɗaya ya gan su sau biyu.

Mafi ɗaci a cikin dabarun ita ce kuskuren ganganci. Akwai motsin da kusan mai ƙidaya ne kaɗai ke yinsa, kamar raba goma biyu gida biyu, wanda ɗan wasa mai hankali ba ya yi sai in ya san manyan katuna sun cika ragowar. Gwani yakan haƙura da irin wannan ko da lissafi ya ce ya yi, wani lokaci ma ya buga abin da ya san ba daidai ba ne a gaban mai kallo. Kowane ɗayan waɗannan kuɗi ne daga aljihunsa. Tun da ribar ba ta wuce ɗaya bisa ɗari ba, wanda ya cika ɓoyewa zai wayi gari ya sayar da ita duka don ya sayi kujera a tebur. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma a nan gudun yana iya cinye zomon.

Al Francesco ne ya samo mafitar da ta fi duk waɗannan, a farkon shekarun 1970. Tun da alamar ita ce mutum ɗaya yana ƙidaya yana kuma sauya zubi, sai ya raba aikin biyu. Masu ƙidaya suna zaune a tebura daban-daban suna zuba ƙaramin kuɗi, ba sa ƙarawa ba sa ragewa, don haka babu mai damuwa da su. In ƙidaya ta yi kyau a wani tebur, sai mai zaman wurin ya yi ishara, ta hanyar ajiye hannu ko gyara zama. Nan take wani mutum mai shigar attajiri, mai yawan surutu, zai ɓullo ya zuba manyan kuɗi, ya tashi da zarar an yi masa alamar ruwa ya janye. A idon gida, wannan mai kuɗi ne marar haƙuri da ke yawo tsakanin tebura, irin baƙon da ake ba ɗaki da abinci kyauta. Shekaru ƙungiyar ta yi tana aiki ba a gano ta ba.

Ɗaya daga cikin waɗanda Francesco ya horar shi ne Ken Uston, babban jami'i a kasuwar hannayen jari ta Pacific da ke San Francisco. A 1977 Uston ya fitar da littafi, The Big Player, ya zayyana tsarin dalla-dalla, kuma 'yan ƙungiyar da dama ba su ji daɗin haka ba. Shi dai mutum ne da ɓuya ba ta dace da halinsa ba. Da gidan cacar Resorts International na Atlantic City ya kore shi a 1979, sai ya kai ƙara, kuma a 1982 kotun ƙolin jihar New Jersey ta yanke cewa gidajen cacar jihar ba su da ikon korar mutum don ya iya wasa. Nasarar ta zo da farashinta. Gidajen suka ƙara yawan karta a akwati, suka riƙa cakuɗawa da wuri, suka taƙaita zubin duk wanda suke zargi. An bar mai ƙidaya ya zauna, amma an ɗauke abin da ya zo nema.

Wasu sun bi ta hanyar na'ura. Keith Taft ya ƙera ƙaramar kwamfuta a farkon shekarun 1970 wadda ake ɓoyewa a jiki ana sarrafa ta da yatsun ƙafa. Nevada ta rufe wannan ƙofar a 1985 da dokar da ta mai da amfani da na'ura a teburin caca babban laifi.

Ƙungiyar ɗaliban MIT, wadda Bill Kaplan da J.P. Massar suka tsara tun daga 1980, ta ɗauki tsarin Francesco ta gudanar da shi kamar kamfani: masu zuba jari, jarrabawa mai tsanani kafin a ba mutum kuɗi, kalmomin sirri da ke wakiltar lambobi a cikin hira, da sunayen aro. Littafin Ben Mezrich da fim ɗin 21 na 2008 sun yi wa labarin gishiri sosai. Abin da ya karya su a zahiri ba shi da armashin fim: kyamarorin rufi da kundin Griffin sun riƙa nuna fuskoki iri ɗaya a gidaje daban-daban, kuma kowace fuska da aka gane sai an nemi sabuwa an horar da ita daga farko.

Kamfanin Griffin shi ma bai tsira ba. Ƙwararrun 'yan wasa biyu, James Grosjean da Michael Russo, sun kai shi ƙara kan ɓata suna saboda ya bayyana su a matsayin masu maguɗi, suka yi nasara, kamfanin ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a 2005. A lokacin gidajen caca sun riga sun sami abin da ya fi kundin hotuna arha. Injin da ke mayar da katuna cikin akwati yana cakuɗawa bayan kowane zagaye bai bar abin ƙidaya ba, kuma tebura da yawa a Las Vegas sun rage ladan as da goma daga uku a kan biyu zuwa shida a kan biyar. Wanda ya zuba dala goma, dala goma sha biyu yake karɓa a maimakon goma sha biyar, ko ya iya ƙidaya ko bai iya ba.