Sojan Ruwan da Ya Koma Harkar Gyaɗa

'Yan uwana mata, a ajin yaƙi da jahilci na fara jin tarihin Jimmy Carter. Sojan ruwan Amurka ne. Da mahaifinsa ya rasu a 1953, sai ya ajiye kaki ya koma garinsu Plains, ya kama gona da sito inda manoma ke kawo gyaɗarsu. Shekarar farko aka yi fari, ribar ba ta taka kara ta karya ba. Matarsa Rosalynn ce ta riƙe littafin lissafi, ta gano inda kuɗi ke zurarewa. Ni kam wannan ya fi burge ni a kan shugabancin ƙasar da ya hau a 1977. Daga baya har ƙauyukan Najeriya ya zo yaƙar kurkunu. Ya rasu a 2024, yana da shekara 100.