Babban Kadan Gadufawa da Yadda Aka San Mazauninsa

Gadufawa wuri ne a bakin hamadar Tenere, kudu maso gabas da birnin Agadas. A yau rairayi ne da duwatsu. Amma masana sun ƙiyasta cewa shekaru kusan miliyan 110 da suka wuce, manyan koguna ne ke gudana a wurin. A cikin kogunan akwai wata dabba dangin kada, wadda ƙasusuwanta suka daskare suka zama dutse. Masana suna kiranta Sarcosuchus imperator.

Alamominsa

Tsawon wannan kada ya wuce mita 9. Ƙoƙon kansa kaɗai ya fi mita ɗaya da rabi. Bakinsa dogo ne, da haƙora fiye da 100. Muƙamuƙin sama ya ɗara na ƙasa tsawo, kuma ƙarshen hancinsa a kumbure yake kamar ƙwarya. Bayansa a rufe yake da faffaɗan ƙasusuwa masu ƙananan ramuka.

Yadda aka gano shi

A shekarar 1964, Faransawa masu binciken ma'adinin uraniyom suka tarar da ƙoƙon kansa a Gadufawa. A 1966, France de Broin da Philippe Taquet suka bayyana kamanninsa a rubuce, suka raɗa masa suna. A 1997 da 2000, Paul Sereno na Jami'ar Chicago a Amurka ya zo da ayarinsa, suka tono ƙarin ƙasusuwa.

Ina da ina ya zauna?

An sami guntayen ƙasusuwan irinsa a Aljeriya. An kuma sami ɗan uwansa a Brazil, can ƙetaren teku. Wannan yana daga cikin shaidun da ke nuna cewa Afirka da Kudancin Amurka sun taɓa zama a haɗe. An san haka ne saboda waɗanda suka tsinci ƙasusuwan sun rubuta inda suka same su. Ƙashin da ba a san wurinsa ba kamar wasiƙa ce marar adireshi.

Idan ka tsinci irin wannan ƙashi

Makiyaya da matafiya su ne suka fi cin karo da waɗannan ƙasusuwa. Ko mazaunin Dagmanet da ke fita daji yana iya ganinsu. Ga abin da ya kamata a yi:

1. Kada ka tone shi, kada ka fasa shi.
2. Rubuta ranar da ka gan shi, da sunan rijiya ko dutsen da ya fi kusa.
3. Auna tsawonsa da taƙi ko kamu, ka rubuta.
4. Ɗauki hotonsa da salula, ka ajiye takalmi a gefensa domin a gane girmansa.
5. Sanar da mai gari ko hukuma.

Dokar Nijar ta 1997 ta kare kayan tarihin ƙasa. Kada a sayar wa baƙi da su. Abin da aka fitar a ɓoye, yaranmu ba za su gan shi a Gidan Tarihi na Bubu Hama da ke Yamai ba.