Wayar taka ce, makullin na ofis: yadda aka faro tsaron wayoyin aiki

A watan Janairun 2009, da Barack Obama zai shiga fadar White House, har da wayarsa cikin abubuwan da aka yi ta ja-in-ja a kai. Jami'an tsaro sun so ya ajiye BlackBerry ɗinsa, shi kuma ya ce atafau. A ƙarshe aka ba shi wadda aka ƙara wa tsaro, aka kuma taƙaita waɗanda za su iya tura masa saƙo. Wannan gardama ce ake yi har gobe a bankuna da asibitoci da ma'aikatu: waya tana aljihun ma'aikaci, sirrin da ke cikinta kuwa na wurin aiki ne. To wa ke da iko da ita?

A zamanin BlackBerry amsar ba ta da wuya. Kamfanin Research In Motion na garin Waterloo a Kanada ya fito da ta farko a 1999, tare da wata manhaja da ake girkawa a babbar kwamfutar ofis. Duk imel ɗin da zai fita sai an kulle shi da lambobin sirri, ba ya buɗuwa sai a wayar mai shi. Jami'in kula da kwamfutoci yana zaune a kujerarsa zai tilasta sa kalmar sirri, ya kashe kyamara, in waya ta ɓata ya goge ta tas daga nesa. Kamfani ya sayi waya, shi ke biyan kuɗin layi, saboda haka babu mai cewa uffan. Kullen ya yi ƙarfin da a 2010 Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Indiya suka yi barazanar toshe hidimar, don ba sa iya karanta saƙonnin da ke wucewa. Mu a Najeriya ta wata fuskar muka fi saninta, wato BBM da "ba ni PIN ɗinki".

Sai ga iPhone a 2007. Shekara guda bayan haka Apple ya sa ta iya karɓar imel ɗin ofis ta tsarin Exchange na Microsoft. Manyan ofis suka saye ta da kuɗinsu, suka miƙa wa masu kula da kwamfutoci: a sa mini imel. Wa zai ce wa oga a'a? Na ƙasa ma suka bi sahu, aka shiga zamanin "zo da taka". A 2010 Apple ya buɗe ƙofar da kamfanoni za su riƙa sarrafa wayoyinsa daga nesa, abin da ake kira MDM a taƙaice, kasuwa kuma ta buɗe wa irin su AirWatch da MobileIron da Good Technology. A 2014 VMware ya sayi AirWatch kan sama da dala biliyan 1.5.

Sai dai an ɗauko dokar wayar kamfani ne an ɗora wa wayar mutum. Umarnin gogewa na wancan lokaci bai san bambancin takardar ofis da hoton bikin suna ba. Ma'aikaci ya ajiye aiki yau, gobe ya tarar da wayarsa wayam, lambobin 'yan uwa da hotunan yara duk sun tafi. Da yawa suka ƙi yi wa wayoyinsu rajista, suka koma tura takardun aiki zuwa imel ɗinsu na kansu, wanda ya fi hatsari nesa ba kusa ba.

Maganin da aka samo ya yi kama da ginin gidan Bahaushe: baƙo iyakarsa zaure. Aka gina katanga a cikin wayar. Samsung ya fito da Knox a 2013, Google ya ƙaddamar da Android for Work a 2015, Apple ya kawo nasa salon a 2019. Manhajojin aiki suna zaune a sashe guda mai makullinsa na daban. Ofis na iya hana kwafar rubutu daga nan zuwa WhatsApp ɗinka, yana iya rushe sashen ranar da ka bar aiki, amma ba ya ganin hotunanka ko hirarrakinka. A ganina wannan ne ci gaba mafi ma'ana a duk tarihin, domin shi ne karon farko da aka yarda cewa ma'aikaci ma yana da sirrin da ya cancanci kariya.

Salon da ake yayi yanzu ya ɗara haka. Bayan kutsen da aka yi wa Google a 2009, kamfanin ya daina ɗaukar cewa duk na'urar da ke cikin ofis amintacciya ce, ya kuma bayyana tsarinsa mai suna BeyondCorp a 2014. Ma'anarsa, kar a yarda da kowa sai an bincika, kuma a kowace shiga. Waye kai? An sabunta manhajar wayar? An fasa kariyarta? In amsa ɗaya ta gurgunce, ƙofa ba ta buɗuwa. Annobar korona ta 2020, da ta mayar da ofis ɗakin kwana, ita ta yaɗa tsarin ko'ina.

Duk da haka mutane kan zagaye katanga in ta takura masu. A Satumban 2022 hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta ci tarar kamfanonin kuɗi 16 sama da dala biliyan 1.1, saboda ma'aikatansu, har da manya, suna hirar kasuwanci ta WhatsApp da saƙon tes a wayoyinsu na kansu, inda babu mai adana bayanan kamar yadda doka ta ce.

Akwai kuma wata matsalar da ta fi wannan tayar da hankali. Manhajar da ke riƙe da makullan wayoyi dubu ta zama abin farautar ɓarawo, don in ya same ta ya samu duka. A Yulin 2023 Norway ta sanar cewa an kutsa tsarin da ma'aikatun gwamnati 12 ke amfani da shi, kuma ta wata ɓaraka a manhajar Ivanti aka shiga, wato tsohuwar MobileIron da aka girka don tsare wayoyin. A Agustan 2024 wani ya kutsa Mobile Guardian, manhajar da makarantun sakandaren Singafo ke kula da na'urorin ɗalibai da ita, ya aika umarnin gogewa. Na'urorin ɗalibai kusan 13,000 a makarantu 26 suka koma fanko, ma'aikatar ilimin ƙasar kuma ta ba da umarnin a cire manhajar gaba ɗaya.