Masu Hira a Bakin Rumfa da Masu Zanen Ƙarni na 19

A 1877 wani Bajamushe mai zane, Wilhelm Leibl, ya zana mutanen ƙauye biyar a Bavariya sun haɗa kai a kan takarda ɗaya, wani na karantawa, saura sun kasa kunne. Ana kiran zanen "'Yan Siyasar Ƙauye", kuma yanzu yana birnin Winterthur na Suwizalan. Babu basarake a cikinsu. Ga kaushin hannu, ga tamojin fuska, ga tufafin aiki, ba a gyara wa kowa komai ba.

Leibl ya ɗauki wannan hanya ne daga Gustave Courbet na Faransa, wanda suka haɗu a Munich a 1869. Courbet ya tayar da ƙura a Paris tun da ya zana jana'izar garinsu, Ornans, a kan makeken ƙyalle irin wanda aka saba keɓe wa sarakuna da yaƙe-yaƙe. Masu sukarsa suka ce ya cika zanen da munanan fuskoki. Ni kuwa a ganina nan darajarsa take, domin ya ba talaka fili daidai da tsawonsa.

Duk wanda ya san Babbar Kasuwar Kaduna, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Sheikh Abubakar Gumi, ya san irin wannan zama. 'Yan tebura da 'yan dako kan kewaye mai shayi, ko a yi cincirindo a gaban mai jarida, ana musun siyasa har a kira azahar. Sai dai a zamanin Leibl babu wannan kasuwa, don sai a 1917 Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna.

Kasuwar da baƙin ƙarni na 19 suka gani ita ce Kurmi ta Kano. Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya bayyana masaƙa da marina da fatake dalla-dalla a rubuce. Amma a zanen da Martin Bernatz ya fitar wa littafinsa daga saman Dala aka hango garin: gidaje birjik, mutane 'yan mitsi-mitsi. Abin yana mini ciwo. Mun san abin da kakanninmu suka sayar da wurin da suka kai shi, har Timbuktu da Tarabulus, amma yadda dillali ke karkata kai yana sauraron tayi, wannan bai shiga zanen ba.