TTL da CMOS

TTL da CMOS rukunoni biyu ne na ƙananan na'urorin lantarki da ke sarrafa bayanai da lambobin 0 da 1 a cikin kwamfuta da makamantanta. James Buie ne ya ƙirƙiro TTL a shekarar 1961 a Amurka, kuma jerin 7400 na kamfanin Texas Instruments ne ya sa ta yaɗu. Frank Wanlass ya samar da CMOS a 1963, sannan kamfanin RCA ya fitar da jerin 4000 a 1968.

Babban bambancinsu shi ne cin wuta. TTL tana aiki da volt 5, tana jan wuta ko ba ta komai. CMOS kuwa ba ta jan wuta sosai sai lokacin da sigina ke sauyawa, shi ya sa ta dace da agogon hannu da wayar salula. Da farko ba ta kai TTL sauri ba, amma daga baya ta wuce ta.

Haɗa su yana buƙatar kula: TTL tana ɗaukar volt 2 a matsayin 1, wanda bai isa jerin 74HC na CMOS ba. Domin haka aka ƙera 74HCT.